Mai Zubi da Ƙarfen da Tsoho Ya Ƙi Saki

Rana ba ta cika riga shi isa shagon ba. Kafin masu shara su gama da layin makanikai, Baba Mai Zubi ya ɗage ƙofar kwanon nan mai ƙara, ya yayyafa wa yashin zubi ruwa, ya damƙa a tafin hannu ya ji ko ya yi laushin da yake so. Daga nan sai ya jawo kujerarsa bakin ƙofa ya zauna. Ba ya daɗewa shi kaɗai. Wani ya zo da gutsuren ƙarfe a buhu, wani a ƙunshe cikin tsumma, tambayar kuma ɗaya ce kullum: “Baba, wannan na mene ne?”

Sana’arsa ta asali ita ce narka ƙarfe ya zuba a yashi ya fitar da abin da aka daina sayarwa a kasuwa. Amma wanda zai zuba abu dole ya san aikin da abin ke yi, ta haka ya zama mai gane tsofaffin ƙarafa. Yakan duba inda ƙarfe ya cinye da inda ya yi sheƙi, ya shinshina tsohon man da ya daskare a jikinsa, ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Mai injin niƙan bayan kasuwa shaida ne, don da ba dominsa ba da tuni injin ya tafi hannun ’yan gwangwan. Haka matan da ke ɗiban ruwa a famfon makarantar firamare, wanda aka ce ya mutu har abada. In kuwa abu ya shige masa duhu ba ya kame-kame. Cewa yake, “Ban sani ba, amma bar mini shi.”

Matarsa takan ce duk garin babu mai ɗinke aljihu kamarta. “Maza na dawowa gida da nama,” in ji ta, “nawa da tsatsa yake dawowa.”

Bana yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, likita kuma ya raba shi da zafin wuta. Kafin ya miƙa wa ɗansa makullin shago ya yi wani aiki wanda mai waldar da ke maƙwabtaka da shi ya sani tun daga farko har ƙarshe, ya kuma ba ni labari, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Wata mata ce, tela, ta zo masa da hantsi, idonta ya yi ja. Ta kwance ɗankwali ta fito da wani baƙin ƙarfe mai tsawon tafin hannu, lanƙwasasshe, da huda a gindi, bakinsa a karye.

“Baba, na mahaifina ne,” in ji ta. “Tsufa ya rikita shi, ko ni ba ya ganewa. A ƙasan akwatinsa ya tono wannan. Tun daga ranar ya damƙe shi, ba ci ba barci, sai ihu yake, ‘Ku riƙe! Ku riƙe!’ Yanzu ma da ƙyar na zare shi da gajiya ta kayar da shi. Na ce ko in na san mene ne, in san abin da ke cinsa.”

“Wace sana’a ya yi, ’yata?”

“Ni dai mai gadin sito na tashi na gan shi. Bai taɓa ba mu labarin ƙuruciyarsa ba. Ko yatsun hannunsa na dama da babu, in mun tambaya sai ya ce ƙaddara ce.”

Mai Zubi ya juya ƙarfen. Ya gane harshe ne, irin wanda ke faɗawa tsakanin haƙoran giyar inji ya hana ta juyawa baya. Amma na wane inji? Ya yi wa na rijiya girma, ya yi wa na ɗaga kaya a tasha ƙanƙanta. Bai riƙe shi ba, don ya san tsohon zai farka ya nema. Ya danna shi a yashi ya ɗauki siffarsa, ya fere irinsa da katako, ya mayar mata da nata.

“Ban sani ba tukuna,” ya ce. “Mayar masa kafin ya tashi.”

Da wannan katakon a aljihu ya shiga yawo, da ido ɗaya da ciwon gwiwa. Ya je wurin wani tsohon ma’aikacin jirgin ƙasa, ya ce ba nasu ba ne. Ya je wurin masu fasa dutse, suka girgiza kai. Mai walda ya ce masa, “Haba Baba, ko ka gane, hankalin tsohon zai dawo ne?” Ya ce, “Ba zai dawo ba. Amma ’yarsa ta yi tambaya, na kuma ce mata zan duba.”

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne irin tsatsar da ya gani, mai ɓawo-ɓawo, ta ƙarfen da ya zauna kusa da ruwa. Da ya faɗa wa wani tsohon direban babbar mota, sai direban ya tuna cewa kafin a gina gadar babban kogi, da jirgin fito ake haye mutane, ana jawo shi da igiyar ƙarfe daga gaɓa.

Washegari ya hau mota. A ƙarƙashin gadar, cikin ciyawa, ya sami injin naɗe igiyar, ƙasa ta cinye rabinsa. Ya durƙusa ya share laka da hannu, ya ɗora katakonsa kan haƙoran giyar. Katakon ya zauna daram.

Wata tsohuwa mai sayar da kifi a gefen hanya tana kallonsa. Ta ce, “Malam, me ka jefar a nan?”

Ya nuna mata katakon, ya tambaye ta ko ta taɓa jin ranar da wannan harshe ya karye.

“Ji?” in ji ta. “Ai ina cikin jirgin, da tsohon ciki. Kogi ya kawo, mun kai tsakiya, sai muka ji ƙas! Igiya ta fara warwarewa, ruwa ya ja mu. Kowa na salati. Masu juya injin duk suka watse, don mariƙin na wulwulawa kamar zai cire kan mutum. Saurayi ɗaya ne ya faɗa masa da ƙirji ya rungume. Giya ta ci yatsunsa, bai saki ba, yana ta kiran a zo a riƙe, har maza suka dawo suka cusa gungume. Ko akuya ba mu rasa ba. Aka tafi da shi asibiti, daga nan ba mu ƙara ganinsa ba. Ɗan da na haifa a makon da abin ya faru, yanzu jikoki gare shi.” Ta dube shi da kyau. “Yana raye?”

“Yana raye, amma har yanzu yana can yana riƙe.”

Tsohuwar ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe ta ce, “Ka gaya masa mun haye.”

Mai Zubi ya koma shago ya karya dokar likita sau ɗaya. Ya cike wa katakon bakin da ya karye, ya yi masa gida a yashi, ya hura wuta. Mai walda ne ya kama masa tukunyar narkakken ƙarfen. Da ya huce ya goge shi da zarto har ya yi santsi.

Da la’asar telar ta shigar da shi ɗakin mahaifinta. Tsohon na kan katifa, ya rame, ya ƙanƙame karyayyen ƙarfen a ƙirji, muryarsa ta dishe. Mai Zubi ya cire takalmi ya zauna kusa da shi.

“Sannu da aiki, Yaya,” ya ce. “Harshen injin ne ya karye, ko?”

Tsohon ya daina motsi. A karon farko cikin watanni ya dubi mutum ido cikin ido.

“Ya karye,” ya ce. “Na gaya musu ya tsage. Akwai mata a ciki.”

“Ga sabo na zubo. Taɓa ka ji.”

Tsohon ya miƙo guntun hannunsa ya shafa bakin ƙarfen, ya sake shafawa, kamar mai duba aikin wani.

“Zai riƙe,” ya ce.

“Zai riƙe. Kuma na ga mai cikin nan. Ta ce in gaya maka sun haye, duka.”

“Duka?”

“Duka, Yaya. Huta.”

Yatsun da suka rage masa suka buɗe a hankali, tsohon ƙarfen ya zame kan katifa. ’Yarsa ta juya ta fuskanci bango tana kuka ba sauti. Ranar ya ci abinci daga hannunta. Bai sake gane ta ba har Allah ya karɓi abinsa bayan damina, amma bai sake ihu ba. Ita kuwa yau in ’ya’yanta sun tambayi yatsun kakansu, tana da amsa.

Baba Mai Zubi, kai ne ka ɗauki tambayar baiwar Allah da ba ka haɗa komai da ita ba, ka yi ta yawo da ita har bakin kogi. Kai ne ba ka ji kunyar cewa ba ka sani ba, ba ka kuma mai da rashin sanin wurin kwanciya ba. Mai haƙurin yashi, mai kunnen ƙarfe, ba ka da lambar yabo a bango, kuma na san in aka karanta maka wannan cewa za ka yi an cika surutu. To, a bar mu mu yi. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka idon da ya rage, ya sa hutun nan ya zama mai albarka.

Mu kuma da muka rage a bakin sana’o’inmu, gobe wani zai tsaya mana a ƙofa da abu a ƙunshe, yana jin kunyar ƙanƙantarsa. Kada mu sallame shi daga zaune. Mu karɓa da hannu biyu, mu tambaye shi na wane ne.