Shekarar da Binuwai Bai Koma Ba

Shekarar da aka rufe bakin madatsar Lagdo ita ce shekarar da shugaban ƙasarmu na farko ya ajiye mulki. A rediyon wani mahauci na ji labarin. Abin da zan rubuta ya faru kamar wata guda kafin nan.

Ƙauyenmu yana gefen Binuwai, sama da madatsar. Tun ana ginin, ma'aikata suka zo suka shafa jan fenti a jikin tsamiyar masallaci, sama da kaina. Jauro, mai garinmu, ya ce ruwa zai kai nan. Dattawa suka yi dariya.

Suna da dalili. Kowace damina kogin yakan cika ya zo har wani baƙin dutse a bayan gonarmu, ya kwana uku ko huɗu, ya koma. A laimar da ya bari muke dasa masakwa, dawar rani, ita muke ci har rani ya fita. Mahaifiyata ce ke rainon irin a kan tudun bayan gida, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Da kamiyo, wato babbar mota, ya zo kwashe mutane, na ɗora matata da yara. Inna ta ƙi hawa.

"Ku je," ta ce. "In ruwa ya koma na dasa, sai in biyo ku."

"Inna, an ce wannan karon ba zai koma ba."

"Wa ya ce? Mai fenti? Shekara nawa ya yi yana shan kogin nan?"

Ba na iya musu da ita. Na bar ta da awaki uku da rumbu, na ce zan dawo.

Bayan kwana tara na dawo, ban sami hanya ba. Inda muke bi da shanu ya zama ruwa har iyakar gani. Wani masunci ya ɗauke ni a ƙaramin kwalekwale. Muka bi ta kan gonakin mutane, kawunan dawa suna gogar cikin jirgin. Ruwan ba ya gudu, ba ya yin ƙara, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Da muka wuce tsamiya na duba, tsakanin ruwa da jan fentin bai kai kamu ɗaya ba. Na yi ta kiran Inna, babu amsa.

Tudun ya zama tsibiri, bai fi filin sussuka ba. Duk abin da ruwa ya kora ya hau can: ɓeraye, kunamu, macizai a naɗe a gindin rumbu. Akuya ɗaya tana kwance ta kumbura. Inna tana zaune a kan turmi, ta naɗe ƙafafu, da sanda a hannu.

"Kai ne? Taka a hankali. Akwai kububuwa wajen tulu."

Ta nuna min tsinken kara da take kafawa a bakin ruwa kowace safiya. Na jiya kansa kaɗai ake gani. Sauran sun nutse.

"Dutsen ya ɓace tun Laraba," ta ce. "Na jira kwana huɗu, kamar kullum." Ta dubi wajen maƙabarta, inda babu komai sai ruwa. "Babanka ma yana ƙasa."

Na durƙusa, ta hau bayana, na shiga ruwa da ita ina kallon kowane taku. Masuncin ya ce jirgin ba zai ɗauki awaki ba, ba zai ɗauki hatsi ba. Inna ta ce to ba za ta tafi babu irinta ba. Na koma cikin macizan nan na tuge mata dami ɗaya, ta rungume shi har muka fita.

A inda aka sauke mu, ƙasar tsakuwa ce. Ta dasa, tana bi da ruwan tulu. Cikin mako guda ya bushe.

Abin da muka rasa: ɗakuna huɗu, rumbu ɗaya cike da dawa, awaki uku, gonar masakwa, kabarin mahaifina da na ƙanwata, da irin da Inna ta gada wajen uwarta.