Lahadin da Gwiwoyina Suka Saki

Na daɗe ina ba da waƙa a majami'armu ta Runjin Sambo, har na manta yadda ake zama a benci kamar kowa. Mai ba da waƙa a wurinmu ba murya kaɗai take bayarwa ba, jikinta ma na jama'a ne. In na ɗaga hannu, hannuwa su tashi. In na taka, mata su taka, mai buga tulu ta ƙara wuta. Ranar da na ɗaure fuska kuwa, amshi ya fito kamar kunun da ya kwana.

Shekarar da ɓarin jikin maigidana ya shanye, na yi gajiyar da barci ba ya maganinta. Kowace Lahadi sai in yi masa wanka, in ba shi koko a baki, in juya shi, sannan in ɗaura zanen zumuntar mata in tari keke daga Arkilla. A cikin keken nake gyara fuska. Kafin mu kai ƙofar majami'a murmushin ya zauna.

Na sami Baba Fasto, na roƙe shi a ba wata aikin. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Fuskarki jama'a suke kallo. In suka ga kina murna duk da abin da ke gidanki, bangaskiyarsu za ta ƙarfafa." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce to. Wato ciwon mijina ma ya zama wa'azi. Tun daga nan tsorona ɗaya ne: kada wata rana in kasa a gabansu, a ce mai koya wa mutane dogara ga Allah ita ce ta karaya.

Ranar ta zo cikin bazara, kwanon rufi yana zubo mana zafi. Muna tsakiyar waƙar baiko, ana takawa zuwa gaba kowa ya ajiye sadakarsa, sai gwiwoyina suka saki. Ba jiri ba ne, ba kuma ikon Ruhu Mai Tsarki ba. Ƙafafu ne kawai suka ce sun gama. Na zube a kan gwiwa, makirufo a hannu, na kasa tashi. Tulu ya yi shiru. Can na ji ana jan benci. Da na ɗago, ikilisiya duka ta durƙusa, har dattawan da kullum suke kukan ciwon baya.

Haushi ne ya fara kama ni. Na ce a raina, ko faɗuwar ma sai an kwaikwaye ni? Sun zaci sabon salon sujada na kawo.

Bayan an tashi, tsohuwar da ke kaɗa mana caki, haifaffiyar Sakkwato, ta same ni zaune a gindin dogonyaro. Na ce, "Inna, yau na ruɗa ku. Ba addu'a nake yi ba."

Ta ce, "Ɗiyata, wa yac ce miki mun ɗauka addu'a ta? Mun daɗe muna ganin murmushin ga naki bai kaiwa ga ido. Munka ga kin kai ƙasa, munka bi ki, don kada ki zan ke ɗai can."

Lahadi ta gaba ban gyara fuska a keke ba, ban kuma nemi izinin kowa ba. Na wuce bencin baya na zauna. Inna ce ta ba da waƙa, muryarta a dushe, har ta tsallake baiti. Na yi mata amshi ina kuka, babu wanda ya waiwayo.