Kalmar da Na Je Nema Turba

Yaran daji ba su cewa sun kashe mutum. Sai su ce sun kwantar da shi, ko sun aika shi. Abin haushi, mu ma a Kamarawa mun ɗauki bakinsu, har tsofaffi haka suke faɗi.

Yayana fatauci yake yi, yana kai gero da dawa Nijar. A hanyar Sabon Birni yaran daji suka tare motarsu, suka kora su daji. Bayan wata biyu wani manomi ɗan Turba da aka tsare su tare ya kuɓuto. Saƙo ɗaya ya aiko mana: sun kwantar da shi.

Liman ya ce ba a shiga takaba da irin wannan magana, sai wanda ya gani ya faɗa ƙarara. Na ji haushinsa, amma gaskiya gare shi. Matar yayana ta zauna haka nan, ba mai miji ba, ba mai takaba ba. Kullum da safe takan ɗauko tandun kwalli, ta riƙe, ta rasa ko ya halatta ta sa. Wannan tandu shi ya hana ni sukuni.

Na ce wa mijina za ni Turba, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya san halina, ya ɗauko babur.

Na tarar da mutumin yana yaɓen rumbu. Bayan gaisuwa na ambaci yayana, na ce, "Malam, ni ƙanwarsa ce. Me ka gani?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun kwantar da shi, Hajiya."

"Wannan maganarsu ce. Taka nake so. Akwai mace a gida tana jira."

Ya daɗe yana murza laka a tafin hannunsa. Na ga tsoro ne, ya ba ni tausayi, amma ban janye ba.

"Sun harbe shi," ya ce. "Ya rasu a gabana, ranar wata Laraba. Ni na rufe mashi ido."

Washegari ya zo ya maimaita a gaban liman. Matar yayana tana bayan zana tana ji. Da ya gama, ta yi masa godiya, ta yi wa mijinta addu'a da sunansa. Sannan ta miƙo mini tandun, ta ce in ajiye mata.