Zan Kawo Maka da Kaina

Mijina ko ƙwan lantarki bai iya ɗaurawa ba sai ya haɗa gumi. Amma ka ba shi lissafin da ya yi tsawo har ya tsallake gefen takarda, yanzu zai karya shi gida biyu ya zaunar da shi tsaf. Sana'arsa ke nan, tsara littattafai a kwamfuta, musamman na masu lissafi. Shagonmu ɗaki ne guda a ƙarƙashin matakalar bene, shi yana ciki da kwamfutarsa, ni ina bakin ƙofa da injin kwafin takardu. Ɗalibai Malam Ƙugiya suke ce masa, don in ya ga an rubuta kalmar ƙasa da k marar ƙugiya, ranar ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Manhajar da yake aiki da ita umarni ake rubuta mata, a danna madanni guda, ta juya ta fito da shafuka. Ga taurin kai. Ka ajiye zane a farkon babi, ka tsince shi a ƙarshe. Ka sauya salon haruffa, duk ɗ da ɓ su ɓace ba sallama. Shi kuwa sai ya yi ta lallashinta da wata murya mai taushi wadda ni matarsa ban taɓa samu ba.

Babban mai kawo masa aiki Dokta ne, tsohon malamin lissafi mai tari da faɗa. Shekara da shekaru suna tare, kullum cikin musu. Akwai wata alama da in aka sa ta a farkon layi manhajar ba ta buga layin, yana nan kwance cikin fayil, mai karatu ba zai taɓa ganinsa ba. A irin waɗannan layukan Dokta yake bar wa mijina saƙo, yawanci tsiya.

Dokta ya rasu yana gab da gama littafinsa na ƙarshe. Da aka share makoki sai 'yarsa ta zo da fayil ɗin.

"Baba, maɗaba'a na jira," ta ce wa mijina. "Ni dai burina ya fita cikakke yadda ya so. Kai ka san hannunsa."

Ya fara aiki. Da rana tsaka na ji yana dariya shi kaɗai, ya ce in zo in gani. Ya kai hannu ke nan zai rage girman wani zane, sai ga layi a ƙasa: "Malam, na san za ka rage wannan. Kul." Muka yi dariya har da hawaye, muka yi wa tsoho addu'a.

Washegari yana gyaran jerin manazarta ya tarar da littafi ba shekarar bugu. Ya yi tsaki, ya ce, "Dokta, kai da shekara ba ku taɓa shiri ba." Ya gangara layi ɗaya, sai ga saƙo: "Daina mita. Littafin yana kan kantarka, ka duba bangon." Na ɗaga tulin takardun da ke kan kanta, sai ga shi, ya yi ƙura. Ba wanda ya tuna ranar da aka kawo shi. Wannan karon ba mu yi dariya ba.

Na gaba gajere ne: "Shayinka ya huce." Na taɓa kofin mijina, ya huce kuwa. Na koma wajen injina na kunna shi ba takarda, don dai in ji ƙara.

Na san amsar, mana. Mutum ya shekara yana zama da kai, ya san tsakinka, ya san ba ka shan shayi da zafi. Haka na yi ta faɗa wa mijina, da ɗaga murya ma. Amma sai na lura ya fara ba da amsa, yana rubuta nasa layin a ƙarƙashin na mamaci. Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, da wa kake hira?" Ya ce aiki yake yi.

A babin ƙarshe aka zo inda aikin ya tsaya. Jimlar ta ce: "Cikon wannan hujja yana cikin lissafi na ??" Alamar tambaya biyu, baƙaƙe ƙirin. Haka manhajar take yi in an yi nuni ga abin da ba ta gani ba, kuma sau da yawa in aka sake juyawa lambar takan fito. Mijina bai sake ba. Ya fara bincike tukuna, ya duba fayil ɗin kaf, babu wannan lissafi ko'ina. Sai layi guda a ƙasan jimlar: "Wannan bar shi. Zan kawo maka da kaina."

Daga ranar ya goge kujerar da Dokta ke zama, ya hana kowa hawanta. Ɗalibai suna tsaye, kujera tana nan wayam. Duk wanda ya yi tari a matakala sai ya ɗaga kai. Haushi ya ishe ni, tsoro ya fi haushin yawa.

Da 'yar Dokta ta dawo ta ga ba a gama ba, ya rasa ƙaryar da zai yi, ya juya mata allon. Ta karanta, ya yi mata bayanin alamun, sai ta dube shi.

"Ka ce in an sake juyawa lambar takan fito?"

"Takan fito, in abin yana ciki."

"To sake, Baba."

Ya danna. Mu uku muka zuba wa allo ido. Ina ta addu'a a zuci, kuma wallahi ban san wanne nake roƙo ba, ta fito ko kada ta fito. Shafin ya buɗe. Alamun nan biyu suna inda suke.

"Bai kawo ba," in ji mijina. Sai ya kifa kai a kan tebur ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Yarinyar ta share idonta ta ce a buga haka nan, kada a cire ko ɗigo. Haka littafin ya fita da giɓinsa.

Fayil ɗin kuwa bai goge shi ba. Kullum da safe in mun buɗe shago, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya buɗe shi ya danna sau ɗaya. Ni dai juya wa allon baya nake yi har sai na ji ya ja numfashi.