Amon Tagulla

Wani kan gatari ne ya tsayar da ni a gidan tarihi na Murabba da ke Riyad, ranar Asabar da na kai ɗana yawon buɗe ido. Na tagulla ne, bai fi tafin hannuna ba, tsufa ya mai da shi kore. An rubuta cewa ya shekara dubbai. Ƙotarsa ta daɗe da ruɓewa, sai ramin kawai. A gefensa na hango siririn layi, inda bakin mazubi biyu suka haɗu, maƙerin bai gama goge shi ba. Na ce a raina, wannan da kakana ya yi wa aiki, da ya sha faɗa.

Kakana maƙerin tagulla ne. Munduwa yake zubawa da ƙararrawar doki, wani lokaci da 'yan ƙananan gatura na ado. Da rani yake aiki, idan an gama kai amfanin gona gida. Har yau ina jin warin kakin zuma da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki. Ni ke jan zuga-zugi, shi kuma yana saka kuza kaɗan-kaɗan cikin narkakken jan ƙarfe, yana tsokanata wai hannuna na cin tuwo ne kawai.

Idan abu ya huce, ba ya yarda da idonsa. Sai ya rataye shi da zare, ya ɗalle shi da farce a kusa da kunnena.

"Me ya ce maka, angon kakarka?"

In amon ya yi tsawo, zubi ya yi. In ya mutu nan take, akwai iska a ciki, sai a mayar wuta. Rani uku na yi kafin kunnena ya buɗe. Ba abu ba ne da ake faɗa wa mutum, sai dai a jiyar da shi.

Amon nan nake son ɗana ya ji. A Riyad aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa, bai taɓa ganin maƙera ba. Na jawo shi kusa, ban san lokacin da na ɗalli gilashin da aka rufe gatarin a ciki da farce ba. Gilashi ya ce ƙwas. Mai gadi ya ɗago kai ya ce, "Mamnu, ya hajji," wato an hana taɓawa.

"Baba, yalla mu tafi," in ji yaron, "mutane suna kallonmu."

Da muka koma gida a unguwar Badi'a, na bi kicin ina ɗallar tukwane da cokula, duk alminiyam ne da roba. Kakana ya rasu, ƙannen babana sun koma sayar da kayan babur, maƙerar ma an mai da ita ɗakin kaji. Kewa ta kama ni irin wadda ban taɓa yi ba tun zuwana ƙasar nan. Amon yana nan a kunnena garau, amma ba ni da abin da zan buga wa ɗana ya ji shi.