Shanyar Gamat a Barandarmu

Karatun harkar kamun kifi ne ya kai ni Kuala Lumpur, bincikena kuma a kan gamat yake, wata halittar teku mai siffar kokwamba, mummuna, ga yauƙi. Masunta kan farke ta, su dafa, su sa gishiri, su shanya har ta ƙanƙance ta yi tauri, sannan su sayar. Hukuma a bushe take ganin ta, ba ta san yawan da aka kwaso daga ruwa ba, balle ta ce a tsaya haka. Aikina ke nan: in auna kowace ɗaya tana ɗanya, in sake aunawa bayan ta bushe, a san yadda take raguwa.

Ana gobe za a kulle gari saboda korona na kwaso guda sittin daga ɗakin gwaji, an dafa, saura shanya. Na jera su a barandarmu ta unguwar Sentul, kowace a kan 'yar takarda mai lambarta. Lambar nan ita ce komai. In ta ɓata, awon da ke littafina ya tashi a banza, ga shi an hana zuwa bakin teku, wa'adin karatuna kuma ya kusa cika.

Sau biyu matata tana tambayata amfanin takardun. Ni kuma, gwanin sani, na ce kada ta wahalar da kanta. Wai ni mai bincike! Bayanin da bai fi minti ɗaya ba na yi mata rowarsa.

Ran nan na fita cefane, ina cikin layi a kanti sai ruwa ya kece. Ruwan garin nan ba ya sallama. Ita kuwa ta yi abin da kowace 'yar Kano za ta yi in ta ga ruwa a kan shanya: ta juye su kaf a robar wanki, ta rufe da zane, ta share jiƙaƙƙun takardun ta zubar. A bakin ƙofa ta tare ni, jikinta sharkaf, tana murna, wai ko ɗaya ba ta lalace ba.

Da na leƙa robar, idona ya rufe. Na ce, "Wa ya aike ki? Jahilci dai bai yi ba wallahi."

Malamar makaranta ce fa, ta ajiye aikinta ta biyo ni. Ta dube ni, ta ce, "Yi haƙuri, Malam," ta shige ɗaki.

Kwana uku ina ƙoƙarin gane wace ce wace, amma ina, duk sun koma iri ɗaya kamar busasshiyar kuɓewa. Dole aka sauya mini bincike zuwa nazarin dokokin kamun gamat a takarda, na gama a makare. Wannan bai dame ni ba yanzu. Maganar nan da na faɗa mata ce ke ci na, don magana zarar bunu ce. Na ba ta haƙuri daga baya, ta ce ya wuce, ni kuma na yarda don hakan ya fi mini sauƙi.

Bara, a gidanmu na Kano, na bar takarduna a kan tabarma a tsakar gida, ruwa ya sauko. Na fito da gudu na tarar ta kwashe wankinta, tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallon takardun suna jiƙa. Wallahi ba gatse take ba, tsoro na gani a idonta.

Ta ce, "Na kira ka, Malam. Ban sani ba ko ana taɓawa."