Murfin Tankin Baba Hamani

Shekara talatin da wani abu ina gyaran katafila a Yamai, amma ranar da aka aike ni Tondibiya in karɓe makulli daga hannun Baba Hamani, har gobe ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo garejin nan daga baya, ku ajiye sifana ku saurara.

A lokacin ni ne shef na makanikai a wurin Alhaji Sanda, mai haƙar yashi a Tondibiya yana sayar wa masu gini a Kwara Kano. Ni na kai shi ga wata tsohuwar katafilar haƙa da ta shekara uku a ajiye ƙarƙashin bishiya a bayan wani shantiye, wato wurin aikin gini. Irin na da ce, babu kwamfuta, babu wayoyin banza, ƙarfe ne zalla. Na duba ta yadda ake duba tsohon inji: na zo da sassafe tun tana sanyi don kada a ɗumama mini ita, na kalli hayaƙinta, na murza baƙin mai a yatsa, na saurari bugunta. Na ce, "Alhaji, saya. Wannan sai ta binne mu." Muka canza mai, filta, tiyo da batir, muka wanke tanki tas. Aka damƙa ta ga Baba Hamani, dattijo Bazabarme wanda ya fara tuƙin katafila tun ina koyon riƙe guduma.

Sati bai cika ba ta fara iskanci. Ta yi aiki kamar minti arba'in, ƙarfinta ya ragu, ta yi tari, ta mutu. A bar ta kaɗan, ta tashi kamar ba ita ba. Kamyo-kamyon ɗaukar yashi na layi, direbobi na zage-zage. Na sake canza filta. Na cire pompin gazuwal, wato famfon da ke jawo man dizal, na kai aka gwada, aka ce lafiyarsa ƙalau. Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda iska ke shiga ba.

Alhaji ya kira ni ofis. "Isufu, kai ka ce in saya. Mene ne ciwonta?"

Ni kuwa, kun san ni, ba na son a ce na kasa. Na ce, "Alhaji, inji dai lafiya lau yake. Sai dai a duba man da ake zuba mata."

Wallahi don in wanke kaina na faɗa, ban yi tunanin inda maganar za ta sauka ba. Ashe mai gadin wurin ya riga ya kawo rahoto cewa kullum yana ganin Baba Hamani a kan tanki, murfi a buɗe, sau biyar sau shida a yini. Alhaji ya haɗa biyu da biyu: tsoho yana zuƙe gazuwal yana cike gurbin da ruwa ko kananzir. Ya ce, "Je ka karɓo mini makullina. Ba na zama da ɓarawo."

A wannan sana'a, direban da aka kora kan satar mai ya gama. Yamai ƙarama ce, kafin la'asar duk masu katafila sun ji, babu wanda zai sake ba shi ko wilbaro.

Na isa Tondibiya da hantsi. Baba Hamani ya ga fuskata ya gane. Ya ciro makullin daga aljihu ya miƙo, ya ce, "Kala suuru, Shef. Sai haƙuri." Bai yi gardama ba, wannan ya fi komai ci mini rai. Na ce bari in gwada ta da hannuna. Na sa aka juye man da ke ciki, na zuba sabo wanda ni na sayo daga gidan mai, na cika ta fal, na hau. Ko minti ashirin ba ta yi ba ta mutu. Da man da na zuba da kaina!

Ina zaune ina zufa, sai tsohon ya hau bayanta a hankali, ya murɗe murfin tanki. Na ji "fuuuu", doguwar iska ta shige ciki.

Na yi tsalle. "Baba, kullum haka take yi?"

Ya ce, "Kullum. In ta mutu nakan leƙa in ga ko mai ne ya ƙare. Sai ta yi wannan ajiyar zuciya, in na murza makulli ta tashi."

Na karɓi murfin na juya shi. Ga wanda bai sani ba, murfin tankin tsohuwar katafila yana da ɗan rami kamar na allura. Yayin da inji ke shan mai, ta nan iska ke shiga ta maye gurbinsa. In ramin ya toshe, tanki ya riƙe man, pompi ya ja ya ja ya rasa. Shi ya sa in ta cika fal ta fi saurin mutuwa. Na ga ramin a liƙe da jar laka, ta bushe kamar siminti. Na sa waya na tsokale, sai ga ɓawon tsutsa ya faɗo. Zanzaro ne ya yi gininsa a ciki tun tana ajiye. Mun wanke tanki, murfin kuwa tsumma kawai muka goga masa.

Ta yi aiki ranar har magariba ba ta yi tari ko ɗaya ba. Na kai wa Alhaji lakar a tafin hannu, na ce, "Ga ɓarawonka. Laifin kuma nawa ne, ni ban duba ba, ni kuma na jefa maganar mai." Ya ɗauki mota da kansa ya je ya ba tsohon haƙuri a gaban direbobi.

Da na je ba shi nawa haƙurin, ya ce, "Shef, ka tambayi filta, ka tambayi pompi. Ni da nake kanta tun safe, ba ka tambaye ni ba."

Shi ya sa kuke gani duk injin da aka kawo, ba na taɓa shi sai na zaunar da direbansa ya ba ni labari. Na iya aikina, ban taɓa shakka ba, katafilar nan ma har yau tana haƙa. Baba Hamani ya ƙara shekara huɗu a kanta kafin ya ajiye aiki. A cikin shekarun nan huɗu, bai sake buɗe murfin tankin nan ba sai ya kira wani ya tsaya yana kallo.